Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Marubuci Da Kwamfutar Ofis



Maganar wannan mako za ta yi wa wasu ɗaci, amma gara a faɗe ta. Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a tsakanin masu koyon rubutu, musamman waɗanda ke aikin ofis, ko a banki, ko asibiti, ko ma'aikatar gwamnati, ko ƙungiyar agaji. Da zarar wani ya yi kukan cewa kwamfutar wurin aikinsa a kulle take, ta ƙi yarda ya girka manhajar rubutun da yake so, ta kuma ƙi karɓar filash, sai ka ga masana sun ɓullo ta ko'ina. Wannan ya ce ga yadda ake zagaye kalmar sirrin mai kula da kwamfutoci. Wancan ya ce a sauya wa fayil ɗin suna a turo shi ta imel, ba za a gane ba. Wani ya ce yana da Word da aka fasa, kyauta, ba ya tambayar lasisi. Mu dai muna cewa wannan muguwar shawara ce, kuma wanda ta fi cutarwa shi ne marubucin da ake cewa ana taimako. Ciwon da ke damunsa shi ne ya jingina littafinsa da abubuwan da ba nasa ba, masu shawarar kuwa ƙara masa jingina suke yi.

Mu fara da abin da ke faruwa idan mutum ya yi yunƙurin girka manhajar. Manhaja kamar amarya take, ba ta tarewa ita kaɗai, sai da 'yan rakiya da kayan ɗaki. Ka sha wahala ka shigo da fayil ɗin, ka danna, sai kwamfuta ta ce sai an sa kalmar sirrin mai kula da ita. Wannan shingen yana cikin Windows tun fitowar Vista a 2007. Ka ce to bari ka kwafo foldar manhajar ɗungurungum daga kwamfutar abokinka, sai ta buɗe baki ta ce ba ta ga VCRUNTIME140.dll ba. Wannan ɗan fayil ɗaya ne daga cikin kayan Microsoft da manhajoji masu yawa ke dogara da su, shi ma girka shi yadda ya kamata sai da izinin mai kula. Wata manhajar ta ce sai da Java, wata ta ce sai an sabunta mata wani abu daga intanet, alhali ofis ya toshe shafin da za ta ɗauko shi. Ka ce za ka turo ta imel, Gmail ya ƙi karɓar fayil mai .exe ko da ka ƙunshe shi cikin zip. Kowace ƙofa ka buɗe, wata na bayanta a rufe. Marubucin da ya zauna don ya rubuta babi na uku sai ya wayi gari ya kwashe mako guda yana farautar fayiloli, babin yana nan inda ya bar shi.

To me ya sa aka kulle tun farko? Masu ba da waccan shawara suna magana kamar mai kula da kwamfutoci wani mugu ne da ya tsani adabi. Bari mu tuna musu wasu abubuwa da suka faru a idon duniya. A 2010 aka gano Stuxnet, bairos ɗin da ya lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, kuma filash na cikin hanyoyin da yake bi ya shiga kwamfutocin da ba sa haɗe da intanet. A watan Mayun 2017 WannaCry ya bazu a ƙasashe kimanin 150, ya kulle fayilolin mutane yana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita da aikin tiyata da aka ƙiyasta sun haura 19,000. Kwamfuta guda ce ke kamuwa, sai ta harbi na kusa da ita ta hanyar sadarwar ofis. A wannan shekarar dai aka cusa guba cikin CCleaner, manhaja mai suna da mutunci, mutane sama da miliyan 2 suka sauke ta daga hanyarta ta halal. Idan halastacciyar manhaja za ta iya zuwa da cuta, ina ga Word ɗin da wani wanda ba ka sani ba ya fasa ya ɗora a intanet? Don Allah ya yi maka, ko don yana ƙaunar adabin Hausa?

Ba ma sai mun je Iran ko Ingila ba. Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya san bairos ɗin nan da ke ɓoye foldoji ya bar maka inuwarsu, ka danna ka ga wayam. Wannan filash ɗin ne ake ce wa ma'aikaciyar asibiti ta nemi dabarar cusa shi a kwamfutar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya, ko ma'aikacin banki a wadda ke ɗauke da asusun mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai shawarar cewa yake yi ka tsaga bangon da hannunka. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa hukumomi da kamfanoni nauyin tsare bayanan da ke hannunsu, dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ita ma tana da sashe a kan shiga kwamfuta ba da izini ba. Ko ba a kai ga kotu ba, takardar tuhuma da sallama daga aiki sun ishi mutum. Ranar da abin ya fashe, wanda ya turo maka dabarar yana gidansa yana shan shayi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Mun san za a ce ai akwai manhajoji na tafi-da-gidanka da ba sa bukatar girkawa. Gaskiya ne. Notepad++, wadda Don Ho ya fitar a 2003, tana da irin wannan, ka warware zip ka danna ta tashi. Visual Studio Code ma tana da nau'in da ke zama a foldar mai amfani ba tare da neman kalmar sirri ba. Amma samun ƙofa a buɗe bai zama an yi maka iso ba. Ofisoshi da yawa suna da tsarin da ke hana duk manhajar da ba ta cikin jerin da aka amince da su tashi, yana kuma rubuta sunan wanda ya gwada da lokacin da ya gwada. Inda ma babu wannan tsarin, akwai ƙa'idar amfani da kayan ofis da galibi ake sa wa hannu ranar kama aiki ba tare da an karanta ba. Idan manhajar ba ta da illa, me zai hana ka nemi izini? Idan kuwa kana tsoron tambaya, to ka riga ka san amsar.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafar mu a matsayin marubuta. A ƙaddara ka yi nasara, ka girka abin da kake so, ba wanda ya gani. Littafinka yana ina? Yana cikin kwamfutar da ba taka ba. Mai kula da ita yana iya buɗe foldarka. Yana iya goge ta gaba ɗaya ya sake zuba mata Windows ranar da ta fara ciwo, ba tare da ya tambaye ka ko akwai labarin soyayya mai babi ashirin a ciki ba, domin a wurinsa bai kamata a ce akwai ba. Ranar da aka yi maka canjin wurin aiki, ko kwangila ta ƙare, wurare da yawa a ranar suke rufe asusun mutum. Sai ka koma kana roƙo a ba ka abin da ka kwashe shekara biyu kana rubutawa, roƙon ma shaida ne a kanka cewa ka yi aikin kanka da kayan ofis. Akwai kuma yarjejeniyoyin aiki da ke cewa abin da ma'aikaci ya samar da kayan kamfani a lokacin aiki na kamfani ne. Je ka duba taka. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu masu rubutu da Hausa ya kamata mu fi kowa fahimtar haɗarin dogaro, domin mun gan shi a kan haruffanmu. A shekarun 1990, lokacin da kwamfutoci ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, suka share wa marubuta da maɗaba'u hawaye. Aiki ne da ya cancanci yabo, ya kuma yi amfani a lokacinsa. Sai dai dabarar irin waɗannan zube-zube na wancan zamani ita ce a ari wani maɓalli da ba a cika amfani da shi ba, a zana masa surar harafi mai ƙugiya. A idonka ƙ ne, a cikin kwamfuta kuwa baka ce. Muddin fayil ɗin ya je inda babu wannan zubi, asiri ya tonu. Shi ya sa har yau za ka ci karo da tsofaffin rubuce-rubuce a intanet inda ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓarna ta koma ~arna. Rubutun ya yi tafiya ya bar ɗan rakiyarsa a gida.

Abin takaici, har gobe akwai masu ba sababbin marubuta wannan zubi a filash su ce su je su girka, alhali an daɗe da wuce wurin. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin da kowace na'ura ta yarda da ita. Lambar ƙ ita ce 0199, ta Ƙ 0198, ta ɗ 0257, ta Ɗ 018A, ta ɓ 0253, ta Ɓ 0181. 'Yan uwanmu na Nijar masu rubuta ƴ, tasu 01B4 ce. Harafin da aka rubuta ta wannan hanya ƙ ne a kwamfutar ofis, ƙ ne a waya, ƙ ne a wurin mai ɗab'i, ƙ ne a akwatin alƙalan gasa. Times New Roman da Arial na Windows ɗin zamanin nan duk suna nuna su. Wanda kuma ya ce a yar da ƙugiyar kawai a huta, to ya shirya amsa tambayar mai karatu: ƙura ce ta tashi ko kura? Ɗoki yake yi ko doki? Ɓari aka yi ko bari? Ka yi tunanin marubuciyar da ta tura labarinta gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi tun 2016, alƙali ya buɗe ya tarar da baka da alamar tambaya a kowane layi. Ba za ta samu damar yi masa bayanin cewa a kwamfutarta lafiya lau yake ba.

Haka maganar take a kan nau'in fayil. Fayil ɗin Word mai .docx, wanda ya zo tare da Office na 2007, a haƙiƙa ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda, kuma galibi ba ya tafiya da zubin haruffan da ka zaɓa, sunansa kawai yake ɗauka. Idan ya isa inda babu zubin, kwamfuta ta zaɓa maka wani, shafi 90 ya koma 97, kan babi ya faɗo tsakiyar shafi. Manhajoji kuma mutuwa suke yi. WordPad ya shekara kusan 30 a cikin Windows, amma Microsoft ta cire shi daga Windows 11 a sabuntawar 2024. Wanda ya adana littafinsa a nau'in da manhaja guda kaɗai ke iya buɗewa ya ɗaura auren littafin da rayuwar wani kamfani. Tsuran rubutu, wato fayil mai .txt da aka adana da UTF-8, shi ne ba ya neman ɗan rakiya. Littafi sukutum ba zai cika megabait guda ba, yana shiga imel, yana shiga WhatsApp, waya mafi araha tana buɗe shi. Ado da tsara shafi aikin ranar ɗab'i ne, ba na ranar rubutu ba.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawo mana ita ce ta talauci, kuma ba mu raina ta ba. Mutum zai ce ba shi da kwamfutar kansa, gida babu wuta, ofis ne kaɗai ke da janareto da intanet da kujera. Mun ji. Amma mu dubi waɗanda suka share mana hanya. Abubakar Imam yana malamin Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne lokacin da ya rubuta Shaihu Umar. Marubutan adabin kasuwar Kano da yawa a littafin rubutu na 'yan makaranta suka fara zuba labaransu da biro kafin a kai wa mai buga tafireta. A yau kuwa littattafai nawa ne aka rubuta tun daga farko har ƙarshe da babban yatsa a kan waya, suka zagaya WhatsApp da Wattpad, aka karanta su a rediyo? Can a Amurka ma, George R. R. Martin, wanda aka ɗauko Game of Thrones daga littattafansa, ya bayyana a 2014 cewa da tsohuwar manhajar WordStar yake rubutu, a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tsaya jiran manhaja mai launi kafin ya rubuta jimlar farko. Mu faɗa wa juna gaskiya: sau da yawa neman sabuwar manhaja wata hanya ce ta guje wa farar takarda. Ya fi sauƙi ka ce kwamfuta ce ta hana ka, a kan ka ce ba ka san abin da zai faru da jarumarka a babi na gaba ba.

Wayar da ke hannunka taka ce. Gboard yana da Hausa da haruffanta masu ƙugiya, kyauta. Kibod na Bluetooth da za ka haɗa da wayar bai kai kuɗin kwamfuta ko kusa ba. Littafi da biro ba sa jiran a kawo wuta. Nan ne gidan littafinka. Ka ajiye kwafi a waya, kwafi a imel ɗinka na kanka, ba na ofis ba, kwafi na uku a wani wuri dabam, ka riƙa sa kwanan wata a sunan fayil don kada tsoho ya danne sabo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kuwa aikin ofis ɗin ne da kansa yake bukatar rubutun Hausa, kamar fassara, ko sanarwar wayar da kai, ko rubutun shirin rediyo, to kwamfutar da aka kulle ma ba ta bar ka hannu rabbana ba. Notepad yana cikin Windows tun 1985, kuma tun sabuntawar 2019 da UTF-8 yake adana rubutu kai tsaye. Idan tsohon Windows ne, ka zaɓi UTF-8 da kanka wajen adanawa, in ba haka ba masu ƙugiya za su lalace. Windows ɗin zamanin nan yana da tsarin kibod na Hausa a cikin saitin harshe. A cikin Word, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, ƙ zai fito, haka sauran lambobin. Kana iya koya wa Word ya riƙa sauya maka wata alama zuwa harafin da kake so da kansa. Mafi sauƙi ma, ka ajiye haruffan a layin farko na fayil kana kwafowa. Idan duk wannan bai isa ba, ka rubuta buƙata ta hannun shugabanka: sunan manhajar, shafin masu ita, ko kyauta ce ko da lasisi, da aikin da za ta yi wa ofis. Mai kula da kwamfutoci ya fi saurin amsa irin wannan takarda a kan ya gano da kansa cewa an haura masa katanga.

Su ma masu kullewar muna da magana da su. Ofishin da ke hulɗa da Hausawa dare da rana, yana buga musu takardu da allunan sanarwa, amma bai taɓa tunanin kunna kibod ɗin Hausa a kwamfutocinsa ba, ya gaza. Aikin da ba ya cin ko kwabo ne. Sakacin nan ne ke haifar da allunan da ake rubuta kasa a maimakon ƙasa, shi ne kuma ke tura ma'aikaci neman haramtacciyar hanya. Wanda ya kulle ƙofa, haƙƙinsa ne ya tanadi abin da mutanen ciki ke bukata don yin aikinsu, ya kuma amsa buƙata a kan lokaci ko da amsar a'a ce. Wannan ƙorafi ne da ya kamata mu ɗaga murya a kansa a fili, a taron ma'aikata da kuma a rubuce. Wanda aka kama yana satar hanya ya zubar da bakin yin wannan magana.

Saboda haka, idan gobe wani ɗan uwa ya zo da kukan cewa kwamfutar ofis ta hana shi girka manhajar rubutu, kada mu miƙa masa dabarar da za ta iya raba shi da abincinsa. Mu tambaye shi a ina littafinsa yake kwana, kwafi nawa yake da shi, kuma idan aka buɗe shi a wayar wani, ƙ ɗinsa na nan ko ta koma baka. Wanda ya amsa waɗannan ukun daidai, kullen ofis bai rage shi da komai ba. Wanda ya kasa, ya fara gyara daga yau, kafin ranar da za a ce ya miƙa makulli.

Sai mun ji daga gare ku. Mu haɗu a mako mai zuwa.